Ranar da Gensaku Ya Shigo ta Babbar Ƙofa

Kanazawa, 5 ga Nuwamba

Zuwa ga Kayoko,

Bayan gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, kuma tarin nan da kika zo da shi bara ya sake ki. Mu nan sanyi ya kawo kai, har an fara ɗaure rassan itatuwa da igiya kafin dusar ƙanƙara ta sauko. Gwiwata ta hagu tana nan da halinta. Kunnena kuwa ya ƙara nauyi, don haka kada ki wahalar da kanki da waya, ki yi ta ihu ina amsa miki abin da ban ji ba. Ki rubuto.

Ba lafiyata ce ta sa na ɗauki alƙalami ba. Kin tuna Gensaku mai ɗinkin tabarmin ɗaki, wanda yake ce miki 'yar birni lokacin da kike zaune a wurinmu kina makaranta? Tun ina amarya a gidan nan yake zuwa, yana biye da ubansa da ƙunshin basilla a hammata. Duk ƙarshen shekara shi yake sabunta mana tabarmi. A tsawon wannan zama ban taɓa ganin ƙafarsa a babbar ƙofa ba. Ta ƙofar kicin yake shigowa kamar kowane mai aiki, ya sunkuya saboda gajartarta, ya ce marigayi Kawunki da gangan ya bar ta haka don masu sana'a su riƙa rusuna masa ko ba sa so. Sannan ya ɗaga murya ya ce, "Yaya Fusa, kina raye kuwa? A ɗora ruwan shayi." Ni kuma in ce masa ya goge ƙafarsa, nan ba gidan ubansa ba ne.

Shekaranjiya da hantsi na ji ƙararrawar babbar ƙofa. Na ɗauka ɗan aike ne daga haikali. Ina buɗewa sai ga Gen cikin baƙin kwat, takalmi ya sha guga, hula a hannu. Ya rusuna har ina ganin sanƙon tsakiyar kansa. Sai ya miƙo mini katin sunansa da hannu biyu, ya gabatar da kansa da sunan gidansu, ya ce, "Ranki ya daɗe, a gafarce ni da zuwa ba sanarwa. Takakuwa ne, mai tabarma. Ko za a ba mu izinin yi wa gidan nan hidima bana?"

Na yi dariya na ce, "Gen, wa ya mutu?" Ko murmushi bai yi ba. Ya sake rusunawa, ya ce yana fata Uwargida tana cikin ƙoshin lafiya. Ni ce yau Uwargida, a bakin mutumin da ya sha gaya mini cewa shayina ya fi bakina daɗi. Na ce ya dawo mako mai zuwa, ya ja da baya yana godiya, bai juya mini ƙeya ba sai da ya kai titi.

Ruwa ba ya tsami banza. Da ɗana Hirotaka ya zo daga Tokyo ziyarar kabarin ubansa da bazara, na gan shi yana auna matakalar bene da tef. Na tambaye shi, ya ce ba komai. Washegari kuma na hango shi a shagon Gen suna magana a tsaye. Kin dai san tun da Kawunki ya rasu yake bina da zancen in koma wurinsu, wai gidan ya yi mini girma. Gidajen katako irin namu kuma ana ta rushe su a layin nan ana ajiye motoci a filin.

Ke ce kike cin abinci da rusunawa a wannan babban kantin naku na Nagoya. Ki gaya mini, me yake sa mai sana'a ya wayi gari yana yi wa tsohuwar da ya saba da ita ladabin baƙo? Ban ji daɗi ba ko kaɗan. Idan da hannunsa a wani abu game da gidan nan, to ya ɗinka tabarmarsa ta ƙarshe a cikinsa.

Gwaggonki,
Fusae

Nagoya, 11 ga Nuwamba

Gwaggo,

Ina gaishe ki da kyau. Wasiƙarki ta same ni lafiya, tari ya tafi, sai dai ƙafafuna da suke kumbura saboda tsayuwa. Ki riƙa gasa gwiwar da ruwan ɗumi, kada ki ce sai ta ga dama.

Na karanta labarin Baba Gen a ɗakin canza kaya, na yi dariya har abokan aikina suka leƙo. Da farko na ce ko ya kurɓa ne da sassafe. Amma mashayi ba ya goge takalmi, kuma da na sake karantawa sai dariyar ta tsaya.

Tunda kin tambaye ni, ga abin da na sani. Mai sayen da muka saba da ita, wadda muke so, ɗan sunkuyar da kai ya ishe ta, sai mu shiga tambayar jikokinta da ciwon bayanta. Rusunawa mai zurfi, wadda ake riƙewa har baya ya gaji, mutum biyu ake yi wa: wanda ba mu sani ba, da wanda muka yi wa laifi ko muke shirin yi masa. Ke kuwa ba baƙuwa ba ce a wurin Baba Gen. Sauran lissafin na bar miki.

Watan jiya wata mata ta zo karɓar rigar bikin 'yarta, alhali an riga an sayar wa wata bisa kuskure. Da kin ga shugaban sashenmu. Tun daga nesa ya fara rusunawa, kowace kalma da "ranki ya daɗe" a gaba da baya, ya raka ta har bakin titi ya tsaya a sunkuye sai da ta sha kwana. Matar ta tafi hannu wofi tana ba shi haƙuri. Abin da ake koya mana ke nan, idan labari ba shi da daɗi a naɗe shi da ladabi har mai shi ya rasa inda zai kama.

Akwai abin da ban so in faɗa ba, amma ɓoye shi ya fi muni. Yaya Hirotaka ya kira ni kwanan baya yana tambaya ko a ganina har yanzu kina iya hawa bene ke kaɗai. A lokacin ban ɗauke shi komai ba. Yanzu kam biri ya yi kama da mutum. Mai sayar da gida yakan so a gyara tabarmi kafin mai saye ya duba, kuma wa za a sa in ba wanda ya san ɗakunan ba?

Kada ki tambayi Baba Gen kai tsaye, ba zai faɗa ba, sai ma ya ƙara miki rusunawa. Ki gwada shi da abin da ya saba. Ki ajiye masa shayinsa a baranda. Mai sana'ar da ya ƙi shayin gida, to akwai abin da ya tsaya masa a wuya.

Ki rubuto mini yadda kuka yi.

'Yarki,
Kayoko

Kanazawa, 20 ga Nuwamba

Kayoko,

Gaisuwa da fatan alheri. Tsawar farkon sanyi ta fara, jiya har tagogi suna rawa. Gwiwa da sauƙi. Barci ne dai ya ƙaurace mini, kuma kin san dalili.

Gen ya dawo, ta babbar ƙofa, cikin wannan kwat ɗin. Da gangan na bar ƙofar kicin a buɗe tun safe, iska tana ta shigo mini, ko kallonta bai yi ba. Ya cire takalmi ya juya su ya jera kamar wanda ya zo neman aure, ya nemi izinin shiga. Daga nan ya fito da ma'auni ya ce a ba shi dama ya auna ɗakuna.

Kayoko, wannan mutum da idonsa a rufe ya san kowace kusurwa ta gidan nan. Shi ne ya gaya wa Kawunki cewa ɗakin gabas ya karkace, ya yanka masa tabarma ta musamman. Rabon da ya auna mana ɗaki tun Hirotaka yana rarrafe. Amma ga shi a durƙushe yana ja yana dubawa, ɗaki bayan ɗaki, har da na sama. Wa yake auna wa?

Na yi yadda kika ce. Na haɗa shayi mai ɗaci irin nasa, na gasa wainar shinkafa na bar ta ta ɗan ƙone a gefe yadda yake so, na ajiye a baranda a wurin zamansa. Na ce, "Gen, zo ka sha kafin ya huce." Ya tsaya ƙiƙam da hannuwa a cinya, ya ce, "Ranki ya daɗe, an wahalar da kai saboda mu. Ba mu yi aikin da ya kai shayi ba tukuna." Na ce ya bar wannan wasan haka. Ya dubi waina, ya dube ni, ya kawar da ido. Labarin zuciya a tambayi fuska, kuma abin da na gani a tasa tsoro ne, irin na wanda yake jiran a kama shi.

Da zai tafi sai ya tambaya cikin ladabi ko maigidan yana nan, ya gaishe shi. Shi da kafaɗarsa ya ɗauki akwatin gawar Kawunki. To wane maigida yake nufi, in ba Hirotaka ba? Wato har an naɗa sabon mai gida, ni kuma na zama 'yar tsaron ɗaki.

Ga na ƙarshe. Na leƙa ta tagar sama bayan fitarsa, sai na hango matarsa Matsue a kwanar layi, ta raɓe jikin bango da laima. Da ya iso ta kama hannun rigarsa suna ƙus-ƙus, ta waiwayo gidana, muka haɗa ido, ta yi maza ta sauke laimar ta rufe fuska. Matsue da muke zuwa gidan wanka tare, take cuɗa mini baya. Tun bazara ma rabon da ta leƙo ni, sai yanzu na lura.

Idan kin ga kare yana shinshinar takalmi, ɗauka zai yi. Na san abin da sallamar mai sana'a take nufi a unguwa irin tamu, inda kowa yake kallon ƙofar kowa. Ban yanke ba tukuna, amma saura ƙiris.

Gwaggonki,
Fusae

Nagoya, 27 ga Nuwamba

Gwaggo,

Ina gaisuwa, kuma a yi mini afuwar gajeriyar wasiƙa. Lokacin kyaututtukan ƙarshen shekara ya kama, tun safe har a rufe kanti muna naɗe kwalaye, yatsuna duk sun tsage. Lafiyata lau in ban da gajiya.

Zancen awon ɗakuna ya dame ni, na Matsue ya fi. Amma batun maigida ban gane masa ba. Ko mu da aka horar, ba ma tambayar wanda muka san ba ya nan, domin ladabi ba ya taka ciwon mutum. Wani abu bai zauna daidai ba.

Don girman zumunci kada ki yi komai tukuna. Na kira gidan Yaya Hirotaka, matarsa ta ce ya yi tafiyar aiki, sai wata ya kama zai dawo. Ni da shi mun saba tattaunawa a kanki, na san yadda zan ɓullo masa. Ki bar ni da shi.

'Yarki,
Kayoko

Kanazawa, 9 ga Disamba

Zuwa ga mai daraja Kayoko,

Ina miƙa gaisuwa, tare da fatan wannan sanyi bai taɓa lafiyarki ba. Ina godiya da kika sami sarari a cikin ayyukanki masu yawa kika tuna da tsohuwa. Lafiyata ba abin da za a dame ki da shi ba ne.

Na karanta cewa ke da Hirotaka kun saba tattaunawa a kaina. Ban sani ba sai yanzu, na gode da sanarwa. Ina fata ban zame muku nauyi a hirarku ba. Ashe tambayar bene ba ita ce ta farko ba, kuma ashe da nake kai kukana Nagoya, kusa da Tokyo nake kai shi.

Game da mai tabarma, an riga an gama, ba sai an wahalar da ke ba. Ya zo ranar da ya sa. Na sa tufafin fita, na tarbe shi a babbar ƙofa a durƙushe, na miƙa masa kwalin alewa da hannu biyu a naɗe da farar takarda. Na ce, "Ranka ya daɗe Takakuwa, gidan nan yana godiya da ɗawainiyar shekara da shekaru. Idan buƙata ta taso, mu za mu aiko." Ko yaron goye a garin nan ya san abin da wannan yake nufi. Na jira in ga ko zai ce "Yaya Fusa, me na yi?" Da ya faɗa, da na wurgar da kwalin na ja shi kicin. Sai ya karɓa ya ɗaga sama, ya yi godiya, ya ce a ci gaba da tunawa da su. Ko gezau bai yi ba. Wanda ba shi da laifi ba ya karɓar sallama haka.

Na kira wani sabon kamfani daga bayan tasha. Motarsu ta yini biyu a ƙofar gida da sunansu ɓaro-ɓaro a jiki, duk layi ya gani. Sun yi aikinsu da inji, sun kira ni "mai girma abokiyar ciniki", ba wanda ya nemi shayi. Gida yana ƙamshin sabuwar tabarma, kuma ina nan a cikinsa. Wanda yake so ya fitar da ni sai ya zo da kansa ya faɗa mini a fuska.

Kada a damu da amsa, na san lokacin ciniki ne.

Tare da girmamawa,
Kuwahara Fusae

Nagoya, 15 ga Disamba

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ko da ba ki son gaisuwata. Ba ni da lafiya tun da wasiƙarki ta zo, kuma ba tari ba ne.

"Mai daraja Kayoko." Ni da kika yi wa kitso, kika dake ni da muciya ranar da na ƙona tukunya. Duk yini ina rusuna wa mutanen da ban sani ba, sai na dawo ɗaki in sami Gwaggona ta rusuna mini a takarda. Na zauna na yi kuka. Da ma zagina kika yi.

Tattaunawar da na ce muna yi da Yaya Hirotaka ba ta wuce gwiwarki da kunnenki ba. Ya kira, ya ce yaya kika ga Mama, in ce da sauƙi. Shi ke nan.

Ya dawo, na same shi. Na tambaye shi ba kwana-kwana, ya ce ko na haukace. Babu mai saye, babu wanda ya taɓa zuwa. Awon da ya yi na ƙarfen dafawa ne da yake so a sa miki a matakala, ya ɓoye ne don ya san za ki ce ke ba gurguwa ba ce. Shagon Baba Gen kuma ya je ne neman sunan kafinta. Ya ce abin da ya ba shi mamaki, Baba Gen ya yi ta kiransa "ranka ya daɗe" yana tambayarsa daga wace unguwa yake, shi kuma ya ɗauka tsokana ce irin tasa.

Gwaggo, wannan tun bazara ne, kuma ba ke kaɗai ya yi wa ba. Na koma ina juya abin da na rubuto miki da farko. Ni na zuga ki, da ilimin kanti da ban san iyakarsa ba. Ki je wurin Matsue, ko ki aika a kira ta.

'Yarki, ko kin ƙi ko kin so,
Kayoko

Nagoya, 6 ga Janairu

Gwaggo,

Barka da sabuwar shekara. Katin gaisuwarki bai zo ba, karo na farko tun da na bar gidanki. Na kira waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, ban sani ba ko kunne ne ko fushi. An ce dusar ƙanƙara ta rufe muku hanyoyi. Yaya Hirotaka ya ce kin amsa masa da layi biyu cewa kina raye.

Idan fushi ne, na karɓa. Idan ciwo ne, ki sa maƙwabta su sanar da ni. In ban ji daga gare ki ba kafin ƙarshen wata, zan nemi hutu in hau jirgin ƙasa.

Kayoko

Kanazawa, 19 ga Janairu

'Yar birni,

Ajiye kuɗin jirginki. Ina gaishe ki, ina lafiya, gwiwa tana nan, dusar ƙanƙara ta kai rabin taga amma an share hanya. Ba fushi ba ne ya hana ni rubutu. Kunya ce, kuma ita ta fi fushi nauyin hannu.

Ban je wurin Matsue ba, kin san taurin kaina. Ita ta zo, kwana kaɗan bayan wasiƙarki ta Disamba. Ina yanka kabeji da rana na ji ana taɓa ƙofar kicin. Ta shigo da ƙanƙara a kafaɗa, ta ƙi hawowa, ta durƙusa a kan simintin nan mai sanyi. Ta ce ba ta zo roƙon aiki ba, ta zo ne don kada in mutu ina ganin mijinta maci amana ne.

Fuskoki ne suka fara ɓace masa, Kayoko. Tun bara. Wata rana ya wuce wani tsohon mai ba shi aiki a hanya bai gaishe shi ba, mutumin ya yi fushi ya janye. Gen ya dawo gida, a lokacin yana gane abin da yake samunsa. Sai ya ce da ita ta fito masa da kwat ɗinsa. Ya ce tunda ba ya iya bambance wane da wane, zai gaida kowa kamar babban baƙo, ya shiga ta inda baƙo yake shiga, domin ubansa ya koya masa cewa ba a taɓa korar mai sana'a saboda ladabi ya yi yawa. Ita ce take rako shi kwanar layi ta nuna masa gida, ta tsaya daga nesa, don mai sana'ar da matarsa ta kawo har ƙofa ya gama yawo. Ta ɓoye wa kowa saboda hannunsa bai manta komai ba, kuma in aka sani ba mai sake ba shi tabarma.

Kin ce mutum biyu ake yi wa irin wannan rusunawa. Kin faɗi gaskiya, mu ne muka tsallake na farkon.

Bayan motar kamfanin nan ta tsaya a ƙofata, gidajen layinmu suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya. Suka ce in dai gidan Kuwahara sun bar shi, da dalili. Shi kuwa bai san an sallame shi ba. Kullum da safe sai ya sa kwat, ya ɗauki ƙunshin basilla, ya tambaye ta yau wane gida ne. Alewar da na ba shi ya ajiye ta gaban hoton ubansa, wai wani gidan mutunci ne suka karrama shi.

Da ta tafi na shiga ɗakin gabas, na dubi sabuwar tabarmar kamfani, wadda ko zama daidai ba ta yi ba a wannan kusurwar. Na jona dutsen guga, na kifa shi a tsakiyarta, na tsaya ina kallo har ta yi baƙi. Sannan na aika wa Matsue cewa tsohuwa ta yi ɓarna, ana neman mai gyara.

Gen ya zo ta babbar ƙofa, ya ba ni kati, na karɓa da hannu biyu na karanta kamar ban taɓa gani ba. Na ce ya kafa teburin aikinsa a nan bakin ƙofar, na wangale ta duk da sanyi, don duk mai wucewa ya ga wanda yake yi wa gidan Kuwahara aiki. Da kin ga hannun nan. Ya shafa gefen tabarmar sau ɗaya ya ce ɗakin nan a karkace yake, wanda ya yanka wannan bai saurari ɗakin ba. Yana danna basilla da gwiwar hannu yana jan zare kamar yana ɗan shekara talatin. Matar gidan da ke kallonmu ta fito sharar ƙanƙara ta daɗe ba ta koma ba. Jiya na ji ta aika masa. Sauran ban sani ba, kuma ba lalle su dawo ba.

Da ya gama na ajiye shayi da waina a baranda, na ce yanzu kam an yi aikin da ya kai. Ya zauna a ɗofane a bakin katako ya sha. Da ya tashi tafiya na nufi babbar ƙofa in jera masa takalmi, na waiwaya ban gan shi ba. Ƙafafunsa sun kai shi kicin. Na same shi a gaban 'yar ƙofar nan da safa kawai, ya sunkuyar da kai zai fita, sai ya tsaya ya dafa saman ƙofar yana murmushi.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, na san wani gida mai ƙofa irin wannan. Maigidan da gangan ya bar ta gajera."

Na ce to.

Ya ce, "Matar gidan akwai baki, amma ba mai shayinta a garin nan. Na daɗe ban je ba, na rasa hanyar. Ina tsoron kada ta ce wani abu ta yi mini."

Na ce masa na san ta, unguwarmu ɗaya.

Sai fuskarsa ta washe. Ya ce, "Don girmanki, in kin gan ta, ki ce Gen yana gaida Yaya Fusa. Ki ce ba komai tsakaninmu."

Na ce zan gaya mata. Na kawo masa takalmansa nan kicin, na raka shi waje, na tsaya a sunkuye cikin ƙanƙara har ya kai wurin Matsue suka sha kwana. Sannan na dawo na zauna a kan simintin da ta durƙusa, na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Kawunki.

Akwai sauran tabarmi a ɗakin sama, kuma hannuna ya fara rawa da dutsen guga, ba mamaki in sake ɓarna kafin bazara. Ki gaya wa Hirotaka ya turo kafintansa. Wasiƙar nan tawa ta Disamba ki sa ta a wuta. Idan kin sami hutu ki zo, kuma kada ki kuskura ki taɓa mini ƙararrawa. Ki zagayo ta kicin, ki sunkuya, kin san ƙofar.

Gwaggonki,
Fusa